Matafiyan da Ba Su Ƙarasa Hanjin Jikana Ba

Godiya ta tabbata ga Allah da ya yi wa ɗan Adam ƙofar shiga, bai kuma manta da ta fita ba. Mu dai ta shigar muka fi yi wa hidima. Ita ake wa bisimilla, dominta ake gayyato baƙi, dominta ake yanka rago. Ta fitar kuwa ko sunanta ba a son ambata a gaban manya, sai a ce an zaga, ko an kewaya, kamar wanda ya je duba gona. Na yi shekaru ina koya wa yara addu'ar fitowa daga bayan gida, in rubuta musu a allo, in sa musu fassara da ajami a ƙarƙashi, amma ban san nauyinta ba sai da aka haifa mini wani jika a gidana na Kazaure.

Kafin in kai ga jikan, sai na fara da babbar 'yata, don labarin ba zai zauna ba sai da ita. Ita ce 'yar fari a wurina. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan ke nufi. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, in ta durƙusa tana gaishe ni sai in amsa idona na kan allo. In ina son buta sai in ce wa uwarta, "Ki ce wa waccan yarinyar ta kawo." Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka mahaifina ya yi wa yayana har ya koma ga Allah. Uwar tata ma ta yi irin tata kunyar, sai dai da wayar hannu ta shigo gari ta yanke hukuncin cewa kunya ba ta bin waya. Ban san a wane littafi ta samo wannan fatawa ba.

Yarinyar ta yi karatun boko har ta wuce inda muke iya bin sawunta. Ta yi aure, ita da mijinta suka tafi wata ƙasa mai sanyi, aka ce bincike take yi a jami'a. Ni ban tambaya ba. Hajiyata ce ke kawo mini rahoto tare da kunun safe.

"Malam, ka kuwa san aikin da 'yarka take yi? Ƙwai take leƙawa."

"Wane irin ƙwai?"

"Na kaza mana. Wai sai ta huda ɗan taga a jikin ɓawon, ta liƙe, kullum ta zo ta leƙa ta ga yadda hanjin ɗan tsako yake tsirowa. Da ɓeraye kuma. Wai har abinci ake auna musu, ɗakinsu ba zafi ba sanyi."

Na ce, "Da ta faɗa tun da wuri ai da ba ta sha wahalar jirgi ba. Rumbunmu cike yake da su, su ma za su so a auna musu."

A ƙofar masallaci abokaina kan tambaye ni, "Malam, ya labarin likita?" In ce ba likitar mutane ba ce. Su ce to ta dabbobi? In ce a'a, ta ƙwai. Daga nan sai a koma maganar taki.

Autata kuwa, ƙanwarta ke nan, an aurar da ita Roni, ga wani yaro mai hankali, ma'aikacin ƙaramar hukuma. Da cikinta na fari ya tsufa aka dawo da ita gidana ta haihu a gaban uwarta kamar yadda aka saba. Ta sauka lafiya a asibiti, aka sallamo su, aka shigo mini da wani ɗan jan abu a naɗe cikin zane. Namiji.

Hajiyata ta karɓe shi ta ɗaga sama. "Malam, tattara tabarmarka. Na yi sabon ango."

"Wannan? Ko wando ba shi da shi. Da me zai ciyar da ke?"

"Kai da kake da wandon me ka tsinana?"

Tun daga ranar na san na samu abokin hamayya. Tsakanin kaka da jika ba kunya. In ce masa mummuna, in ce masa ɓarawon mata, ba mai hana ni, shi ma in ya girma ya rama. A lokacin ban san wannan 'yancin zai yi wani amfani da ya wuce nishaɗi ba.

Washegari uwar mijin autar ta iso daga Roni da ƙwaryar man shanu da itacen dafa ruwan wanka. Bafulatana ce, doguwa, mai ƙarancin magana, har yanzu tana da shanunta a bayan dutse. Hajiyar Roni muke ce mata. Ita da Hajiyata suna girmama juna har abin ya zama ciwo. A kan kujera ɗaya sai su yi ta "Bisimilla Hajiya, ke ce babba," "A'a Hajiya, gidanki ne," har ruwan zafi ya huce kowa na tsaye. Daga ƙarshe suka raba aikin jaririn ba tare da kowa ta furta ba. Hajiyata ta ɗauki wankan safe da abin da ya biyo baya, Hajiyar Roni ta ɗauki na yamma.

A nan abin ya shiga. Kowace mace da ta taɓa riƙe jariri ta san kashin farko, baƙi ne mai danƙo kamar kwalta, kuma ba ya daɗewa bai zo ba. Hajiyata in ta kwance ƙunzugu da safe sai ta tarar da fitsari kawai, ta ce a ranta ai da yamma yake yi. Hajiyar Roni ta kwance da yamma ta tarar da fitsari, ta ce ai da safe yake yi. Tsummokara kuwa ga su nan jere a igiya kullum, wankakku, suna ba da shaidar ƙarya. Har alfahari Hajiyata ta zo ta yi mini.

"Ka ga angona yana jin kunyata. Bai taɓa yi a hannuna ba, sai ya bari na miƙa shi."

Daga baya na ji Hajiyar Roni ma haka ta gaya wa wata maƙwabciya, cewa yaron jinin Fulani ne, ya san a gaban wa zai kama kansa.

Mutum ɗaya ce a gidan ke tare da shi safe da yamma, ita ce uwarsa. Ita kuma ɗan fari ne a wurinta, ga surukarta zaune a ɗakin, surukar ma Bafulatana, wadda a wurinsu kunyar ɗan fari ta ninka tamu. Autata ta ɗaura ɗamarar nuna cewa ta samu tarbiyya. In za ta ba shi nono sai ta juya ta fuskanci bango. In ya yi kuka sai ta kama gyaran ɗankwali har wani ya ɗauke shi. Ba ta ce masa yaro, ba ta ce masa jariri, sai "wannan." Mata masu zuwa barka suna fita suna yaba ta.

Cikin yaron ya fara tashi. Da fari dariya muka yi. Na leƙa shi na ce, "Kai, tun kafin a ba ka kujerar kansila ka aje tumbi?" Sai tumbin ya ƙi tsayawa. Ya yi tauri, yana sheƙi, jijiyoyi suka fito a kansa raɗa-raɗa. Ya rage kama nono, in ya kama kuma ya dawo da shi. Hajiyata ta ce iska ya sha, a ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa. Hajiyar Roni ta murza masa man shanu a cibiya. Wanzami ya leƙa bakinsa ya ce belu ne, a bari sai ranar suna ya cire. Ni ma na yi nawa, na wanke allo na yi rubutu, na yi masa tofi, kuma ban yi da-na-sanin addu'a ba, don ina ganin ita ta jawo abin da ya biyo baya. Ana cikin haka an sayo rago an ɗaure a gindin darbejiya, ana ta daka, dangin uba na shirin tahowa daga Roni da Gwiwa.

Rannan da hantsi babbar 'yata ta kira uwarta ta bidiyo don ta ga ɗan ƙanwarta. Ina zaure, ban ga abin da ta gani ba, sai daga baya aka ba ni labari. Wai da aka buɗe zanen sai ta daina dariya. Ta tambayi launin aman, aka ce ya fara yin kore. Ta ce yana bayan gida? Uwarta ta ce lafiya lau, a hannun Hajiyar Roni yake yi. Ta ce a tambaye ta. Uwarta ta ja wayar gefe ta ce, "Ke, kanki ɗaya kuwa? Ni zan tambayi baƙuwata kashi?" Ta ce to a ba ƙanwarta. Autar ta karɓa a gaban surukarta, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ban sani ba, Yaya."

Ba a jima ba wayata ta yi ƙara a aljihu. Na ɗauka.

"Baba, ni ce. Ina kwana."

Na gane muryar. Tunda ta tafi ba ta taɓa kirana ni kaɗai ba, sai dai uwarta ta kara mini waya a kunne ranar salla mu gaisa a taƙaice. Na ce, "Lafiya lau. Uwarki na ciki."

"Ba ita nake nema ba, Baba. Kai nake nema. Don Allah kada ka kashe."

Na gyara zama, na kama kallon allon da ke jingine da bango, kamar tana gabana.

Ta ce, "Ina tsoron yaron nan bai taɓa bayan gida ba tunda aka haife shi. In haka ne, da wannan cikin da koren aman, ba abin da za a jira suna ba ne. Hanjinsa zai iya ɓallewa. Inna ba za ta tambayi Hajiya ba, Hajiya ba za ta tambayi Inna ba, mai jego ba za ta yi magana ba. Duk gidan nan kai kaɗai za ka tambaya ba a ce ka yi rashin kunya ba. Jikanka ne, abokin wasanka ne."

Na ce, "Yanzu da furfurata in shiga cikin mata in ce a nuna mini kashi?"

"E, Baba. Yanzu."

Na daɗe ban ji an ba ni umarni haka ba. Na sa takalmi, na yi gyaran murya, na yi sallama a tsakar gida. Matan da ke daka suka ajiye taɓare. Hajiyoyin biyu na zaune a ƙofar ɗakin mai jego, yaron na kan cinyar Hajiyar Roni. Na saki fuska kamar da wasa na zo.

"Na zo ƙara. Wannan ɗan ƙwacen yana cin abincin gidana, ban ga yana biyan haraji ba. A cikinku wa ta taɓa ganin kashinsa?"

Matan suka fashe da dariya. Hajiyata ta ce, "Kai Malam, Allah ya shirye ka. Ai a hannun Hajiya yake yi."

Hajiyar Roni ta ɗago. "A'a Hajiya, ai a naki yake yi. Ni kunyata yake ji."

Dariyar ta ɗauke. Suka dubi juna, suka dubi tsummokaran da ke igiya. Na juya wajen labulen ɗakin, na daina wasa, na ce, "Ke auta, ubanki ne ke tambayarki, ba a kan ɗanki ba, a kan abokina. Kin taɓa gani?"

Muryarta ta fito daga bayan labule, ƙasa-ƙasa.

"Bai taɓa yi ba, Baba. Na zaci su Inna sun sani. Na zaci haka wasu suke yi."

Sai ta fashe da kuka irin wanda aka daɗe ana haɗiyewa. Ashe tana ƙirga kowane ƙunzugu fuskarta na kallon bango.

An ɗan yi gardama. Wata daga cikin matan ta ce mai jego ba ta fita, wata ta ce a tura masa ɗan sabulun salo a dubura a gani, wata ta ce to ragon fa da baƙin da aka gayyata? Hajiyar Roni ce ta kashe maganar. Ta miƙe da yaron a hannu ta ce, "In maraƙi ya kumbura haka ba na jiran kowa." Ta nemi mayafinta. Aka aika wa uban yaron. Ya iso a kan babur jikinsa duk ƙura, ya durƙusa a zaure ya tambaye ni lafiyar gida, da ta Hajiya, da ta maƙwabta, har ta ragon, bai tambayi ɗansa ba. Amma kafin in gama amsawa ya samo mota, ya buɗe mana ƙofa.

A asibitin gari wani matashin likita ya taɓa cikin, ya yi tambayoyinsa, ya zura wani siririn bututu ta ƙasa ya ɗura ruwa. Abin da ya fito ban taɓa ganin irinsa daga halitta ƙarama haka ba. Da ƙara ya fito, ya wanke wa likitan hannun riga har gwiwar hannu. Hajiyoyin biyu suka yi hamdala a tare, Hajiyata har ta fara naɗe zane tana cewa to ai shi ke nan, mu koma mu ƙarasa daka. Likitan yana goge hannu ya ce, "Mama, ni na fitar, ba shi ya fitar ba. Gobe zai sake taruwa." Ya tura mu babban asibiti a Kano.

Haka aka yi sunan jikana ba shi ba uwarsa. Aka yanka rago a Kazaure, liman ya yi addu'a, maroƙi ya sanar da suna, dangin Roni da Gwiwa suka ci suka sha, mai sunan yana Kano da bututu a hanci. Wanzami ya zo da zabirarsa ya koma da ita bai buɗe ba.

A Kano suka tsinko ɗan ƙanƙanin nama daga ƙarshen hanjinsa, suka ce za su duba a madubin da ke ƙara wa abu girma. Muna jiran sakamako, ina zaune a gindin wata bishiya a harabar asibitin, sai na ga ina latsa lambar waccan yarinyar da hannuna. Da ta ɗauka na rasa ta inda zan fara, sai na ce, "Me suke nema a naman?"

Ta ce, "Baba, ka san hanji ba buhu ba ne da ake zuba abu ya faɗa ƙasa. Matsawa yake yi yana saki, yana tura abinci gaba. Akwai jijiyoyi a jikin bangonsa, tun daga maƙogwaro har ƙasa, su ke gaya masa yaushe zai matsa, yaushe zai saki. Suna da yawa, suna aikinsu ko ba su tambayi kai ba. Har wasu na ce musu ƙwaƙwalwa ta biyu."

Na ce, "Wannan na yarda. Na san mutanen da ita ce tasu ta farko."

Ta yi dariya. Ban taɓa jin dariyarta a kusa da kunnena haka ba, sai dai daga ɗakin uwarta.

Ta ci gaba. Wai waɗannan jijiyoyi ba a hanjin ake halittarsu ba, baƙi ne. Tun ɗan tayi bai kai ɗan yatsa ba, tun uwar ba ta gama tabbatar da tana da ciki ba, wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ke tasowa daga wajen ƙeya, su shiga hanji ta sama, su yi ta gangarawa. Suna tafe suna hayayyafa, ko'ina suka wuce wasu su zauna, sauran su ci gaba, har na gaba su isa ƙofar ƙarshe.

Na ce, "Kamar mutanen Hajiyar Roni in sun yi kudu da shanu. A bar ruga nan, a bar ruga can."

"Haka, Baba. To a wasu yaran, an fi samu a maza, tafiyar ba ta ƙarasawa. Sai su tsaya saura kaɗan. Wurin da ba su kai ba ba mai ce masa ya saki, sai ya zauna a matse. Komai ya zo nan ya tsaya. Abin da likitoci ke dubawa ke nan, ko akwai su a ƙarshen ko babu."

A zuciya na yi tasbihi ga wanda ya shirya wannan tafiya a cikin duhun mahaifa, ba jagora ba fitila, kuma ya sa ta ƙarasa a cikina da cikin duk wanda na sani ba tare da mun taɓa gode masa a kanta ba. A baki kuwa cewa na yi, "Ragwaye. Sun zo har bakin gari sun yada zango. Me ya tsayar da su?"

"Shi muke nema. Shi ya sa nake leƙa ƙwan da ake mini dariya a kai. A ƙwai ana iya ganinsu suna tafiya."

Na ce, "To ba a iya ɗebo wasu a mota a kai su inda aka bari?"

Ta ce wallahi aikin nata ke nan. Suna ɗibar irin waɗannan ƙwayoyi, su rene su a ɗan faranti har su yi yawa, su dasa su a hanjin ɓeran da nasa ba su ƙarasa ba. Wasu suna kamawa, su miƙe, su yi rassa. Ko za su riƙe aikin yadda ya kamata, har tsawon rai, shi ne ba a gama sani ba. Ba a kai ga mutum ba tukuna.

"Wato ɓera ya riga jikana samun magani."

"Ɓeran ma bai gama samu ba, Baba. Shi dai yaron nan wuƙa ce maganinsa. Za su yanke inda babu jijiyoyin, su jawo mai lafiyar su haɗa da ƙofa. Ana yi, kuma yara suna tashi."

Sakamako ya fito kamar yadda ta zata. Amma yaron ya yi ƙanƙanta, hanjin kuma ya wahala, sai suka ce aikin hawa-hawa ne. Da farko suka buɗe masa wata 'yar ƙofa a gefen ciki, ta nan yake fitarwa. Muka dawo da shi Kazaure a haka, autar ta zarce da zama a gidana. Gidan da a da ba a iya furta kalmar sai ga shi ba a da wata hira sai ita. Hajiyata ta kira Hajiyar Roni a waya, kafin a gama gaisuwa an shiga bayanin launi da kauri. In Hajiyar Roni ta zo da man shanunta, tun daga zaure take tambayata, "Malam, ya yi yau?" In ce, "Ya yi, Hajiya, har ya yi sadaka." Ni kuwa na samu abin tsokana. In ɗauke shi in ce, "Kowa ta baya, kai ta gefe. Wace mace za ta zauna da kai?" Ya kama gemuna ya ja.

Autar dai ba ta fasa ce masa "wannan" ba, amma ta daina kallon bango. Ita ke wanke wurin, ita ke shafa masa mai kada fatar ta saɓule, kuma ko a gaban wa.

Da ya yi ƙwari, ya fara rarrafe yana jan tawadata, aka koma Kano aka yi babban aikin. Bayan wani lokaci aka sake komawa aka rufe ƙofar gefen. Daga nan babu sauran wata hanya sai wadda Allah ya yi wa kowa, wadda bai taɓa amfani da ita da kansa ba. Likitoci suka ce a jira. Ba nono, ba kunu, sai ruwan da ake ƙara masa ta hannu, har sai cikin ya motsa. Duk nas ɗin da ta shigo tambayarta ɗaya, ya yi tusa? Na ga Hajiyoyi biyu, kowace ta je Makka ta dawo, sun sunkuya a kan gado sun kara kunne a gindin yaro suna hana juna numfashi. Wuni ya wuce, wani ya bi bayansa. Cikin ya ɗan tasa. Autar ta daina cin abinci. Babbar tana kira daga ƙasar sanyi, tana cewa hakan na faruwa, hanji kan yi barci bayan aiki, amma na ji muryarta ba ta kai maganarta ƙarfi ba.

Ranar Juma'a na shiga ɗakin da shirin masallaci, farar shadda sabuwar guga, na sha turare. Yaron na kwance yana ƙananan koke-koke. Na ce a ba ni shi. Hajiyata ta ce ka yi alwala fa. Na ce a ba ni. Aka ɗora mini shi a cinya a hankali saboda robar da ke hannunsa, zane kawai aka yafa masa. Na sunkuya na yi masa addu'a a ka, sannan na ce masa a kunne, "Kai, ji nan. An yanke inda ragwayen suka ƙi zuwa, an kawo maka masu aiki har bakin ƙofa. In ka isa namiji ka nuna mini. In ba haka ba na karɓe matata."

Ya dube ni. Ya ɗaure fuska kamar alƙali, ya yi ja, ya riƙe babban yatsana. Sai muka ji wata 'yar ƙara, siririya, kamar an taka busasshen kara. Kafin kowa ya yi magana na ji ɗumi yana bin cinyata, yana ratsa shadda, yana ratsa wando.

Hajiyar Roni, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti har nas ta leƙo a guje. Hajiyata na kuka tana cewa angona, angona. Autar ta zo ta ɗaga zanen da hannunta, ta duba da kyau, ta sure shi ta rungume a gaban surukarta da ubanta, ta sa fuskarta a wuyansa. Da ta tuna da mu sai ta goge ido ta ce, "Wannan ya ɓata wa Baba riga."

Na ce, "Bar shi. Harajin da nake binsa ne."

Ban tashi ba sai da na laluba aljihu na ciro waya. Hajiyata ta ce wa kake kira a haka, ga lokaci na tafiya? Na ce waccan mai ƙwan. Tana ɗauka ban jira gaisuwa ba, na ba ta rahoto cikakke, da ƙarar da ta fara zuwa, da launi, da yawa, da inda ya sauka. Ta yi ta maimaita alhamdu lillahi, sannan ta ce, "Baba, ruwa-ruwa ne ko da kauri?" Na duba cinyata na gaya mata.

Uban yaron ne ya ara mini rigarsa, ta tsaya mini a gwiwa. Na wanke jiki, na sake alwala, na isa masallaci an riga an tayar, na samu wuri a sahun ƙarshe, a kan titi, cikin rana.